Takardar daimon: yadda za ka gane ta gaskiya, ka kuma tabbatar ta dutsen da ke hannunka ce

Zinariya ba ta ba mutanen Maradi wahalar ganewa. Hajiya ta ɗauki sarƙarta ta kai wa maƙerin da ta saba da shi a kasuwa, ya goga ta a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya aza a sikeli, kafin shayi ya huce ya faɗa mata ko 21 ce ko 18, da nauyinta, da abin da za ta yi a kuɗin yau. Daimon ba shi da wannan sauƙin. Duwatsu biyu za su zauna gefe da gefe, girma ɗaya, ƙyalli ɗaya a idon mai saye, amma wannan ya ninka wancan kuɗi sau da yawa, ko ma ɗayan ya zama ba daimon ba ne sam. Ga shi kuma babu ɗakin gwaji a kusa da mu. Waɗanda GIA, cibiyar gwajin daimon ta Amurka, ke da su a Afirka suna can kudu, a Johannesburg da Gaborone. Shi ya sa duk wanda ya sayo zobe ko ɗan kunne mai daimon daga Dubai ko Jidda, don lefe ko don kasuwa, takardar da aka haɗo masa ita ce madogararsa. Masu sayarwa sun san da haka. "Da satifiket ɗinsa, Alhaji," ita ce maganar da ke rufe ciniki.

Tambaya uku ake yi wa kowace takardar daimon, kuma a jere ake yin su. Wa ya rubuta ta? Da gaske daga wurinsa ta fito? Ta wannan dutsen ce ko ta wani? Yawancin masu saye kan tsaya a ta biyu, alhali a ta uku aka fi cin mutane. Duk wanda ya taɓa sayen babur na hannu ya san takardu kan zama na gaskiya tsaf, amma lambar da ke jikin ƙarfen ta zama daban.

Kafin komai, rarrabe takardun

Ba duk abin da aka saka a cikin akwatin zobe ne rahoton gwaji ba. Akwai katin shago, mai tambarin shagon da sa hannun mai shi. Wannan maganar mai kaya ce a kan kayansa, tana da amfani ranar rigima amma ba shaidar wani na waje ba ce. Akwai takardar ƙiyasin kuɗi, wadda ake yi don inshora, kuma bisa al'ada kuɗin da ake rubutawa a ciki ya fi na kasuwa. In aka nuna maka irinta aka ce "dubi abin da ya kai, mu ga yadda muka bar maka", ka ajiye ta gefe. Sai rahoton ɗakin gwaji mai zaman kansa, wanda ba ya saye ba ya sayarwa. Shi ne muke magana a kai. Alamarsa ta farko: ba ya ɗauke da farashi. GIA ba ta rubuta kuɗin dutse a rahotonta.

Akwai kuma takardar Kimberley, wadda wasu ke yawo da hotonta tare da ɗanyun duwatsu da suke cewa daga Gini ko Saliyo ko Afirka ta Tsakiya suka fito. Tsarin Kimberley ya fara aiki a 2003 don hana daimon da ake sayen makamai da shi shiga kasuwa. Takardarsa hukumar ƙasa ke bayarwa, tana rakiyar ƙunshin ɗanyen daimon da aka rufe daga wata ƙasa zuwa wata. Ba ta cewa komai a kan kyan dutse, ba ta shafi wanda aka riga aka yanka aka goge ba, ba kuma abar da dillali zai fito da ita daga aljihu a gaban shago ba ce. Wanda ya kawo maka ɗanyen dutse da irin wannan takarda, ka ba shi haƙuri.

Mataki na farko: wa ya rubuta ta

Sunaye uku ne za ka fi cin karo da su a kasuwar zinariya ta Deira da ke Dubai da makamantanta.

GIA ta Amurka, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, hedikwatarta tana Carlsbad a jihar California. Ba kamfanin neman riba ba ce, kuma ita ta fito da ma'aunin da duniya ke amfani da shi yau, na launi daga D zuwa Z da na tsabta, tun 1953. In dutse babba ne kuma na ƙasa, wato wanda aka haƙo, takardarta ce ƴan kasuwa suka fi sakin jiki da ita, kuma da ita ake auna sauran.

IGI an kafa ta a Antwerp ta Beljiyam a 1975, tana da ɗakunan gwaji a Indiya da Dubai da wasu wurare. Takardarta ce ta fi yawa a kan kayan ado da aka riga aka ɗaura wa duwatsu, da kuma daimon ɗin da ake haɗawa a masana'anta. HRD ita ma ta Antwerp ce, an fi saninta a Turai. Wasu haruffanta sun bambanta, misali LC a matakin tsabta na sama da P a na ƙasa. In ka ga takarda mai sunan AGS, ka duba kwanan wata: ɗakin gwajin nan ya rufe a ƙarshen 2022, aikinsa ya koma ƙarƙashin GIA, don haka sabuwar takarda da sunan tsohon ɗakin abin tambaya ce.

Abin da ya sa suna yake da muhimmanci: launi da tsabta mutane ne ke yanke hukunci a kansu, da ido da madubin ƙara girma, suna kwatantawa da duwatsun misali. Bambancin mataki ɗaya tsakanin ɗakin gwaji biyu abu ne da kasuwa ta yarda da shi. Amma akwai masu sakin hannu da gangan, su ba dutse mai launin J matsayin G da ke sama da shi, don mai sayarwa ya samu takarda mai daɗin karantawa. Wannan ne ya sa dandalin cinikin daimon na RapNet ya daina karɓar takardun ɗakin gwajin EGL daga 1 ga Oktoba 2014. Har yau akwai irin waɗannan takardu a hannun mutane. In ka ga an rubuta SI3 a wurin tsabta, ka san ba ma'aunin GIA ake bi ba, domin babu wannan matakin a ciki.

Sai ka kula da haruffa sosai. Akwai baƙin kati mai sheƙi da aka rubuta GRA a kai, yana zuwa da lamba da komai, kuma a kallon farko sai ka ɗauka GIA ce. Da dutsen moissanite ake haɗo shi, wanda ba daimon ba ne. Harafi ɗaya tal ya raba su.

Ra'ayina a nan a fili yake. Dutsen da nauyinsa ya kai rabin karat zuwa sama, wanda aka ce na ƙasa ne, in ba shi da takardar ɗaya daga cikin ukun nan, ka yi cinikinsa kamar ba shi da takarda. In kuɗin mai nauyi ne, ka nace a kan GIA.

Mataki na biyu: tabbatar da takardar a wurin masu ita

Wannan ba ya cin minti biyar, kuma da salula ake yi. Kowane rahoto yana da lamba. Ka buɗe shafin cibiyar da kanka, gia.edu ko igi.org ko hrdantwerp.com, ka nemi wurin duba rahoto, ka shigar da lambar. Da hannunka za ka rubuta adireshin. Kada ka bi mahaɗin da mai kaya ya turo ta WhatsApp, kada kuma ka dogara da ɗan murabba'in nan da ake ɗauka da kyamara, domin wanda ya iya buga takardar jabu ya iya buga murabba'in da zai kai ka shafin jabu mai kama da na asali.

Abin da ya fito a allo sai ka bi shi layi-layi da takardar hannunka: kwanan wata, siffa, awo, nauyi, launi, tsabta, har bayanan da ke ƙasan takardar. Masu gyaran takarda ba sa canza komai da komai. Harafi ɗaya ko biyu suke taɓawa, a launi I ta koma F, ko a tsabta SI2 ta koma VS2, dutse ya hau matakin da bai kai ba. Tambarin nan mai walƙiya da ƙananan rubutun tsaro suna nan a takardar asali, amma wanda bai saba riƙe ta gaskiya ba ba zai gane kwaikwayo da su ba, don haka kada ka ɓata lokaci a kansu.

Dubawar tana da wani amfanin. A 2015 GIA ta soke rahotanni 1,042 bayan ta gano an kutsa cikin kwamfutocinta an canza matakan launi da tsabta. Takardun nan na asali ne, daga can suka fito, amma ba su da sauran daraja. A shafin ne kawai mutum zai ga matsayin rahoto a yau. Ka lura da shekara kuma. Rahoto bayanin dutse ne a ranar da aka duba shi. Wanda ya shekara goma sha biyar a yatsa yana iya samun ɓantarewa a gefe, ko a sake goge shi nauyi ya ragu.

Mataki na uku: haɗa takarda da dutse

Nan ne aikin yake. Lambar rahoton gaskiya ba sirri ba ce, shagunan intanet cike suke da su, kowa na iya kwafa. Don haka fitowar lamba a shafin GIA abu ɗaya kawai ta nuna: akwai irin wannan dutsen a wani wuri a duniya. Ko shi ne a gabanka, sai ka bincika, kuma tun kuɗi suna aljihunka, a kan teburin mai shago inda kayan aiki suke.

Fara da rubutun ƙugu. Daimon yana da wani siririn zobe a inda ya fi faɗi, tsakanin sama da ƙasa, kuma a nan ake zana lambar rahoto da hasken leza, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. Rahoton da kansa zai faɗa ko akwai rubutun. Ƙaramin rahoton GIA da ake kira Dossier, na duwatsu daga karat 0.15 zuwa 1.99, da rubutun yake zuwa. Ka ce a ba ka madubin ƙara girma sau goma, in akwai na ashirin ya fi. A fara goge dutsen da ƙyalle, domin daimon yana kama maiƙon yatsa, ya dushe. Ka kawo madubin daf da idonka, ka riƙe dutsen da hantsaki a ɗaya hannun, ka haɗa hannuwan biyu su jingina da kuncinka don kada su yi rawa, sannan ka matso da dutsen har ya rage kamar faɗin yatsa biyu tsakaninsa da madubin. Da farko hazo za ka gani, sai kwatsam gefen ya fito sarai. Ka juya a hankali har haruffa su bayyana. A saman faranti ake yi, saboda dutse kan kufce wa hantsaki ya yi tsalle. Kai za ka karanta lambar da bakinka, wani yana bin takarda. Kada mai kaya ya karanta maka.

Rubutun ƙugu ma ana jabunsa. GIA ta sha ba da sanarwar kama daimon ɗin masana'anta da aka yanka daidai girman wani na ƙasa, aka zana masa lambar wancan. Shi ya sa ba a tsayawa a nan.

Sai nauyi. Karat na daimon awon nauyi ne, giram 0.2, babu ruwansa da 18 ko 21 na zinariya. Sikelin maƙeri da ke tsayawa a giram 0.01 bai isa ba, domin kowane ɗigo nasa karat 0.05 ne, kuma a wannan tazarar kuɗi masu yawa ke ɓoye. A ɗora a sikelin karat, wanda ke nuna "ct". In takarda ta ce 1.01, to 1.01 za ka gani. Farashi yana tsalle a kan iyakoki irin 0.50 da 1.00, don haka 0.98 da 1.00 ba ciniki ɗaya ba ne ko da ido bai raba su ba.

Sai awo. A saman rahoto za ka ga lambobi uku na milimita, misali 6.43 - 6.47 x 3.98. Biyun farko faɗin dutsen ne ta inda ya fi ƙanƙanta da inda ya fi girma, na uku tsayinsa daga sama zuwa tsini. Duk shagon daimon na kirki yana da ma'aunin milimita na lantarki. A auna a gabanka. Duwatsu biyu kan yi nauyi ɗaya, amma da wuya lambobin ukun nan su zo ɗaya har ɗigo na biyu. Akwai kuma lissafin da masu sana'ar ke yi wa dutse mai zagaye: matsakaicin faɗi sau kansa, sau tsayi, sau 0.0061. A misalinmu 6.45 sau 6.45 sau 3.98 sau 0.0061 ya ba da 1.01. Amfaninsa shi ne kowane dutse da irin nauyin jikinsa. Moissanite mai wannan girman zai tsaya wajen 0.92, zirkoniya kuwa, wato dutsen nan mai arha da ya cika kayan ado na kwalliya, zai haura 1.6. In awo ya yi daidai amma sikeli ya ƙi, magana ta ƙare.

Na ƙarshe kuma mafi ƙarfi shi ne zanen tabo. Cikakken rahoton GIA yana da hoton dutsen ta sama da ta ƙasa, an yi alamu da ja a kan abin da ke ciki, da kore a kan abin da ke fatar waje. A ƙasan zanen an jera sunayen tabon: Crystal ɗan ƙwayar wani ma'adini ne da ya maƙale a ciki, Feather ƴar tsaga ce, Cloud tarin ƙananan ɗigo ne kamar ƙura. Ka ɗauki fuskar dutsen kamar agogo. In zane ya nuna jan ɗigo wajen ƙarfe biyu kusa da gefe da ƴar tsaga wajen ƙarfe bakwai, ka juya dutsen a ƙarƙashin madubi har ka same su a wannan tazarar. Wannan tabon tun a cikin ƙasa ya samu, babu mai iya dasa shi a wani dutse.

Daga nan wata shawara ta fito wadda masu shago ba za su ba ka ba. Dutse mai tsananin tsabta, IF ko VVS1, ba shi da alamar da kai za ka iya gani, don haka shi ya fi sauƙin musanyawa, ga tsada. Ga mutumin Maradi da ba shi da ɗakin gwaji a bayan gida, VS2 ko SI1 mai kyau, wanda ido ba ya ganin tabonsa amma madubi na gani, ya fi kwanciyar hankali. Ka san dutsenka, ko bayan shekara goma za ka shaida shi.

Ƙarin gwaji mai sauƙi: layin da aka rubuta Fluorescence. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na daimon yana ba da haske, galibi shuɗi, in aka haska shi da irin fitilar da ƴan canji ke duba takardun kuɗi da ita. In rahoto ya ce Strong Blue dutse kuma ya yi shiru, ko ya ce None dutse ya kama shuɗi, ba nasa ba ne.

Mataki na huɗu: na ƙasa ne ko na masana'anta

Ɗan na'urar nan mai kama da biro, da ake dangwalawa a dutse ta yi ƙara, ta ruɗi mutane da yawa. Saurin wucewar zafi take aunawa. Tana kama gilashi da zirkoniya, amma moissanite yana wuce ta, sai dai in mai gwajin lantarki ce a haɗe. Shi moissanite da madubi ake kama shi: ka leƙa ta gefen sama zuwa tsinin ƙasa, za ka ga layukan sun zama biyu-biyu kamar idonka ya gaji, abin da daimon ba ya yi. Karta gilashi kuma ba gwaji ba ne, duwatsu da yawa suna yi. Kada wani ya ce a buga da guduma. Daimon ya fi komai ƙin karcewa, amma yana fashewa.

Daimon ɗin masana'anta kuwa daimon ne na sosai, sinadari ɗaya, tauri ɗaya. Hanya biyu ake yin sa, HPHT ta matsi da zafi mai tsanani, da CVD ta tururin iskar gas. Biro ba ya raba shi da na ƙasa, madubi ma galibi ba ya yi, sai na'urorin tantancewa na musamman irin iD100 ta GIA, waɗanda manyan shaguna ke ajiyewa. Babu laifi a sayensa. Ga amarya mai son ƙyalli ma, dabara ce, domin kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na ƙasa kuma sai ƙara sauka yake yi. Cutar ita ce a sayar maka da shi a kuɗin na ƙasa. Rahoton gaskiya yana faɗa a sarari a samansa, Laboratory Grown, kuma a IGI lambar kan fara da LG. Mai shago da ya ce maka "original ne" bai amsa tambayar ba, domin na masana'anta ma ba jabu ba ne. Ka tambaye shi kai tsaye ko daga ƙasa aka haƙo shi, ya kuma rubuta amsar a rasit.

Mataki na biyar: karanta abin da takardar ta ce, har ƙasa

Launi yana farawa daga D, fari tas, ya gangara zuwa Z mai ruwan ɗorawa. D, E, F su ne marasa launi; G zuwa J kusa da su suke. Tunda yawancin matanmu jar zinariya suke so, biyan kuɗin D asara ce, domin zinariyar za ta mayar wa dutsen launinta. H ko I sun wadatar. Tsabta mataki goma sha ɗaya ce, daga FL zuwa I3, duk a ƙarƙashin madubin sau goma. Daga I1 zuwa ƙasa tabon ya fara fitowa ga ido.

Yanka shi ne ke ba da ƙyalli, kuma shi aka fi mantawa. GIA tana ba dutse mai zagaye matsayi daga Excellent zuwa Poor. Daimon karat ɗaya da aka yanka daidai faɗinsa kan kai milimita 6.4 zuwa 6.5. In ka ga 6.2, an ɓoye nauyin a ciki: kuɗin karat ɗaya za ka biya, fuskar 0.90 za a gani a yatsa.

Sannan ka sauka layin Comments, wanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Nan ake faɗan ko an taɓa dutsen: an huda shi da leza don cire baƙin tabo, ko an gyara launinsa da matsi da zafi, ko da wani haske. Duk waɗannan suna rage daraja sosai. In an rubuta cewa matakin tsabta ya dogara ne a kan clouds da ba a nuna a zane ba, ka fita da dutsen hasken rana, domin irinsa kan yi fari-fari kamar an ɗiga madara; fitilun shago an tsara su ne don komai ya yi walƙiya. Akwai kuma dutsen da aka cike tsagarsa da wani abu mai kama da gilashi, ana kiransa clarity enhanced. GIA ba ta ba irinsa matsayi. Ranar da aka kai zoben wurin maƙeri a rage shi ko a ƙara, wutar walda na iya lalata cikon, tsagar ta fito fili.

Saitin sarƙa da ƙananan duwatsu

Mafi yawan abin da ke shigowa Maradi ba dutse guda ba ne, saiti ne: sarƙa, ɗan kunne, zobe da awarwaro, an jera masu ƙananan duwatsu. Irin waɗannan ba a yi wa kowane ƙwaya rahoto. Takardar da ke biye da su ta kayan gaba ɗaya ce, an duba duwatsun suna ɗaure, shi ya sa za ka ga an rubuta tsakani, kamar G-H ko VS-SI, nauyin kuma ƙiyasi ne. Ka tabbatar hoton da ke jikin takardar shi ne kayan, ka ƙirga duwatsun, ka auna nauyin kayan gaba ɗaya. Kada "karat biyu" ya ruɗe ka. Ƙwaya ɗari masu 0.02 su ma karat biyu ne, amma kuɗinsu bai kama ƙafar dutse guda mai karat biyu ba. Ka duba hatimin zinariyar kuma: 750 shi ne 18, wanda aka fi ɗaura daimon a kai don ya fi 21 ƙarfin riƙo.

Hajiya mai ajiye dukiyarta a sarƙa ta san wannan tun kafin ta saya: ranar sayarwa, maƙeri zinariyar zai auna ya cire nauyin duwatsu, kuma ƙananan ba safai ake ba su wani kuɗin kirki ba. Ko babban dutse mai takardar GIA ba shi da farashin giram da ake ji kullum kamar zinariya. Sai an samu mai so, kuma ƙasa da yadda aka saya yake tayawa.

In aike za ka yi

Da yawa ba sa zuwa da kansu, ƴan Dubai ake ba kuɗi. Ba rashin yarda ba ne ka nemi hujja, domin ita ma mai sayowar ana iya cutar ta. Magana ce ta girmamawa: "Hajiya, don Allah kafin ki biya ki turo min hoton takardar gaba da baya in duba lambar. In ta yi, ki sa su ɗora shi a sikeli su auna faɗinsa ki ɗauko min bidiyo, su kuma nuna miki lambar da ke ƙugunsa ki karanta da kanki." In dutsen babba ne, a biya kuɗin kai shi ɗakin gwajin IGI da ke can Dubai a tabbatar ya dace da rahotonsa kafin a ɗaura shi a zobe. Shagon da ya ƙi wannan, a wuce na gaba, kasuwar cike take da su.

A rasit a rubuta sunan shago, lambar rahoto da sunan cibiyar da ta bayar, nauyi, launi, tsabta, kalmar natural in na ƙasa ne, kuɗin dutse daban da na zinariya daban, da sharaɗin mayarwa ko musanya da adadin kwanakinsa. Takardar asali ta biyo kayan, ba kwafi ba.

In dutsen a kwance ya zo, za a ɗaura a nan gida, ka karanta lambar ƙugu a gaban maƙerin kafin ka miƙa masa, ku duba tabon tare, ka roƙe shi ya juya dutsen yadda ƙafar zoben ba za ta rufe rubutun ba. Ranar karɓa ka sake dubawa a wurin kafin ka tashi. Haka za ka yi duk lokacin da zoben ya je gyara ko wanki, don haka madubin sau goma ya kamata ya shigo cikin saƙon tun daga Dubai.